Masakin da Aka Yi Mana Wanka a Ciki

Ƙofar Taramniya,
Sakkwato.

Zuwa ga Yaya Ummaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka lafiya, ka sami masauki mai kyau da mutanen kirki. Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, amin.

Yaya, ka yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta maka wasiƙa ba, kuma na san ban kai in ɗauki alƙalami in yi wa babban wana nasiha ba. Ni ce Asma'u, amma maganar ta Inna ce. Ka san ba ta iya zama ta yi doguwar hira da kai tunda kai ne ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa. Ranar da za ka tafi ka roƙe ta masakin nan, babbar ƙwaryar da aka yi wa dukanmu wanka a ciki muna jarirai. Ka ce gidan adana kayan tarihi da ya ɗauke ka aiki zai so shi. Ta ci gaba da tankaɗenta kawai, ka tafi kana tsammanin fushi ta yi. Ba fushi ta yi ba. Tun ranar take juya maganar a ranta, sai yau bayan la'asar ta ce in ɗauko takarda.

Na ce mata zan mai da maganarta Hausar littafi yadda aka koya mana a makaranta. Ta ce, "Gyara in kina so, amma kada ki goge abin da nic ce." Ga maganarta. Inda na sa baki zan faɗa maka.

Kai, yaron nan, ina gaishe ka. Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin baki, ya ciyar da kai halal. Gida lafiya lau, ba labarinsa zan ba ka ba. Maganar masaki zan yi.

Har yanzu ban gane wannan gida naku ba. Ka ce ɗaki ne babba, an jera kaya cikin akwatunan gilashi, mutane su shigo su duba su fita, ba a taɓawa, ba a saye. To wa ke wanke kayan? In mai abu ta zo ganin abinta, ita ma bayan gilashi za ta tsaya kamar baƙuwa? In ta mutu, 'ya'yanta ne suka gaji abin ko gwamnati? Kuma in sojan da ke mulki yau ya sauka wani ya hau, kayan na wa suka koma? Ba gatse nake yi maka ba, so nake in sani.

Da na yi ta tunani sai na ga ai ni ma na taɓa yin gidan tarihi. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, mata suka yi mini jere: ƙorai masu zane da tasoshi, ɗaya kan ɗaya, har kusa da rufi. Ba a ci a ciki, ba a sha. Baƙuwa ta shigo ta ɗaga kai ta duba, ta san daga gidan da na fito. Wata rana kana ƙarami ka taka gado ka ɗauko wata 'yar ƙwarya mai zanen tsuntsu, wai a ciki za ka sha fura. Na buge maka hannu, na mai da ita. Shekaru suka wuce. Da aka zo auren ƙanwarka Hadiza na sauke jeren don in ba ta nata rabo, sai na tarar ƙwaro ya gama da su ta ciki. Wadda na hana ka ɗin, ina ɗaga ta gindinta ya zube mini a hannu kamar gari. Ƙwaryar da muke damu a cikinta kullum kuwa tana nan har yau. Da na bar ka ka sha furarka, da aƙalla ta yi aikin da aka yi ta dominsa sau ɗaya. Don haka duk abin da aka ba ka tsaro, ka riƙa dubawa ko tsare shi kake yi ko kashe shi a hankali.

Yaya, a nan na sa baki. Na ce wa Inna malamarmu ta tarihi ta ce kuna da maganin ƙwari, kuna da masu duba kaya a kai a kai. Sai ta ce, "To in haka na, sun fi ni. Rubuta sun fi ni." Na rubuta. Ta ci gaba.

Abu na biyu, ka tuna akusan uwata? Baƙaƙen nan na itace masu murfin faifai. Wajen lokacin da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, wata dillaliya ta shigo da sababbin kwanoni masu fure, suna ƙyalli. Ta ga ina zuba tuwo a akushi, ta riƙe baki ta ce, "Haba, uwar Hadiza! Ƙasa ta yi arziki, fetur na malala, kowa na ci a kwano, ke kina nan da baƙin icce kamar 'yar ƙauye? Kawo in raba ki da su, kada surukai su gani." Na ji kunya ta rufe ni. Na kwaso su duka na ba ta, ta bar mini kwanoni, har godiya na yi mata. Bayan 'yan watanni babanku ya dawo daga kasuwa yana dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ga akusan a shimfiɗe kan tabarma a ƙofar wani masaukin Turawa, an goge su da mai, mai sayarwa yana rantsuwa wai na wani sarki ne na zamanin yaƙi. Akushin da uwata ke zuba wa mahaifina tuwon dawa ya zama na sarki! Kwanonin kuwa fentinsu ya ɓare tun ba a je ko'ina ba.

Ba zan ce matar nan ta yi mini sata ba, da hannuna na miƙa mata. Amma sai da ta sa na raina abina sannan ta karɓa. Ka ce aikinka shi ne shiga garuruwa da ƙauyuka kana neman tsofaffin kaya. Za ka iske mutane da yawa suna jin kunyar abin da suka gada, saboda yanzu kowa sabo yake so. Kada ka ci ribar wannan kunya. Ka fara gaya wa mai abu cewa abinsa na da daraja, ka gaya masa inda za a kai shi da abin da za a yi da shi. In ya ji duk wannan ya ba ka, ka karɓa. In ya ji ya fasa, ka yi masa godiya ka tashi. Kada kuma ka ƙara wa abu labarin da ba nasa ba. In na talaka ne ka ce na talaka ne.

Abu na uku ya fi damuna. Ka ce za a ajiye 'yar takarda kusa da masakin a rubuta: ƙwarya mai zane, daga Sakkwato. Na ji haushi a raina, na ce Sakkwato ce ta zana shi? Garin yana da hannu? Sai na tambayi kaina, to wa ya zana? Wallahi ban sani ba. Uwata ta sani. Ta sha cewa wani mutum ne daga ƙauyensu na bakin gulbi, gurgu, mai yawan waƙa in yana aiki. Na zauna da ita shekara da shekaru, na tambaye ta yadda ake haɗa yajin jego, na tambaye ta maganin haƙori, ban taɓa cewa, Inna, mene ne sunan gurgun nan ba. Ta tafi da shi. Yanzu ga zanensa kullum a gabana, ga inda wuƙarsa ta ɗan kauce ya mai da kaucewar ta zama ganye, amma ba wanda zan yi wa addu'a da suna. Kai kana da alƙalami. Duk inda ka karɓi abu ka tambayi wanda ya yi shi. In sun ce sun manta, kada ka yi sauri, ka nemi tsohuwar gidan ka zauna. Tsofaffi ba sa tuna abu in mutum yana tsaye.

Yaya, ni ce kuma. Abin da ke biye ya faru ne a gabana, Inna ta ce in ba da shi da bakina. Malamar tarihin da na faɗa maka ita ce Malama Saratu, ta Gawon Nama, wadda ke zuwa sayen man gyaɗa wurin Inna. Kirista ce, daga mutanen tsaunukan da ke kudu da mu. Da ta zo ran Asabar Inna ta tare ta da tambaya, ta ce, "Malama, ke da kika yi karatu, wanga gidan tarihi alheri na ko sharri?"

Malama ta yi dariya ta ce, "Mama, kin yi mini tambayar jarrabawa ba shiri." Sannan ta ce a garinsu akwai wani abin dodo da ake ajiyewa a kogo, maza kaɗai ke ganinsa. Turawa suka ɗauke shi tun kakanta na da rai. Tana kwaleji ta buɗe wani littafi da aka buga a Ingila, sai ga hotonsa, da sunan garinsu a ƙasa.

Inna ta matso ta ce, "Kika duba?"

Ta ce, "Na rufe littafin da sauri, Mama. Ni da nake zuwa coci! Bayan kwana biyu na koma na buɗe na ƙare masa kallo."

"To ya yake?"

"Kyakkyawa ne. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da bai bar garinmu ba da ban taɓa ganinsa ba har in mutu. Da bai je can ba kuma, wataƙila da masu sabon addini sun ƙone shi, don sun ƙone wasu. Amma ba wanda ya tambayi kakana. Har ya rasu yana cewa garin ya zama fanko."

Inna ta ce, "Ke nan ba ki da amsa."

Malama ta ce, "Ba ni da ita. Zuba mini mai in tafi kafin ki kayar da ni."

Bayan ta tafi Inna ta daɗe tana maimaita maganar nan, ba wanda ya tambayi kakana. Ga ta nan ta karɓi magana.

Kai aƙalla ka tambaye ni, na yaba maka. Kuma ka ce shugabanku, wanda ya yi karatu a ƙasar Turawa, kullum cikin rubuta musu takarda yake su maido da kayan ƙasarmu da suka kwasa, su kuma suna cewa a wurinsu kayan sun fi samun tsaro. Na ji irin wannan a rediyo ma. To ashe shi ma ya san zafin a ce wa mutum, abinka ya fi lafiya a hannuna. Wannan ya sa na ji zan iya magana da shi.

Kana fita na sauko da masakin daga kan rumbu. Rabon da a taɓa shi tun haihuwar autanmu. Na zuba ruwa in gani, sai ya riƙa ɗiga ta wani tsohon ɗinki. Ya bushe don an daɗe ba a yi aiki da shi ba, kuma a gidana ne ya bushe, ba a naku ba. Na aika Ƙofar Dundaye aka kira Mamman gyartai, wanda ya yi masa ɗinki biyu na baya. Ya tsufa, da ƙyar ya zura zare. Ya zauna a zaure yana huda yana ɗinki, muna magana ta bayan asabari. Da ya ji labarin gidanku sai ya ce, "Ku ba su! Ni ma su zo su ɗauke ni da basillata su sa cikin gilashin. Tun da roba ta shigo gari wa ke kiran gyartai? In ana ba da tuwo can, yau zan bi mota." Muka yi dariya, amma bayan ya tafi dariyar ba ta zauna mini ba.

Domin gaskiyarsa. Matarka Hajara ma ta sayi bahon roba, ja, mai wurin ajiye sabulu, ta ɓoye a ƙarƙashin gado don kada in gani. Ka san watanta ya kusa. Ni a raina na gama shirya cewa abin da za ta haifa a masakin nan za a wanke shi, kamar ubansa. Ban taɓa tambayarta ba. Sai na ga ina shirin yi mata abin da nake gargaɗinka a kai. Na kira ta, ta durƙusa a bakin ƙofa, na ce, "Ke 'yar nan, masaki ko roba?" Ta sunkuyar da kai ta ce duk wanda na ce. Na ce, "Ba ni za ni tsuguna ina wanka ba, faɗi gaskiya." Da ƙyar, tana wasa da bakin zane, ta ce, "Inna, roba ba ta da nauyi, kuma in ta faɗi ba na shiga uku. Masakin nan tsoronsa nake ji. In ya fashe a hannuna me zan ce muku?"

Ka ji. Ban taɓa sanin cewa abin da nake ƙauna tsoro yake ba wata ba. Na kuma gane cewa ran da na kwanta dama, ba wanda zai yar da masakin, amma ba wanda zai taɓa shi. Za a kife shi kan rumbu ya bushe, wata rana a zuba wa kaji dusa a ciki. Kai ka hango wannan kafin ni, shi ya sa ka roƙa. Ban ƙi maganarka ba.

Ga abin da na yanke. Masaki ba zai bar gidan nan ba sai an haihu. Mun shirya da Hajara, wankan farko da na ranar suna a cikinsa za a yi, ni da ungozoma za mu riƙe, sauran kwanakin ta yi da robarta. In an yi arba'in lafiya, ka zo da kanka ka ɗauka, kada ka aiko direba.

Amma aro na ba ku, ba kyauta ba, ba kuma sayarwa ba. Duk ran da aka haihu a zuriyar nan, ko wurin Hadiza ko wurin wannan mai rubutun in lokacinta ya yi, a buɗe gilashi a kawo shi ya sha ruwa, ya yi aikinsa, sannan ya koma. Ka tambayi shugabanku ko gidanku ya san aro. In ya ce abin da ya shiga ba ya fita, ka ce masa cikin ladabi, ai abin da Turawa ke gaya masa ke nan. In ya ji, to. In bai ji ba, masaki ya zauna, kai kuma kada ka ɓata da shi a kan ƙwarya, ka riƙe aikinka.

Ka ce za ku juya wajen ɗinkin ya fuskanci bango don zanen ya fito. Kada ku juya. Ɗinkin farko na ranar da kai ka harba ƙafa ne kana ɗan kwana kaɗan, masakin ya kuɓuce wa ungozoma. Wanda ya ga zane bai ga ɗinki ba zai ɗauka ado ne, ba a taɓa wanke kowa a ciki ba. A takardar kuma a rubuta cewa wani gurgu mai waƙa ne ya zana shi, mun yar da sunansa, laifinmu ne. A rubuta Mamman gyartai. A rubuta waɗanda aka wanke a ciki.

Yaya, a nan Inna ta fara jero sunaye tana lanƙwasa yatsu. Ta fara da ƙannenta, ta zo kanmu ta ce Hadiza, ta ce marigayi Sani, ta ce ni, ta ce auta. Na ce, "Inna, kin tsallake ɗaya."

Ta ce, "Ban tsallake ba."

Na ce, "Kin ce a rubuta sunan kowa. Kin ce gurgun nan don ba a faɗi sunansa ba ya ɓace."

Ta harare ni ta ce, "Ji 'yar boko, da bakina za ki kama ni?" Ta ɗauki faifai ta shiga fifita wutar da ba ta buƙatar fifita. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Alƙalami bai da kunya. Shi ya hwaɗi. Ki sa shi gaba ga na kowa."

Don haka na rubuta: Ummaru. Ta karɓi takardar ta duba wurin da na nuna mata, ta daɗe tana kallo, ko da yake ba ta karanta boko. Ta ce, "Ashe gajere na." Ta miƙo mini.

Ta ce in rufe da addu'a. Allah ya tsare ka a duk garin da ka shiga, ya sa ka fita daga kowane gida ana yi maka fatan alheri. Allah ya raba ka da kayan da mai shi ke kuka a kansa. Allah ya sauki Hajara lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Baba yana gaishe ka, ya ce maganar ƙwarya ta mata ce, amma tun ɗazu yana zaure yana saurare.

Ni kuma, Yaya, ka yafe mini in na yi kuskure ko na wuce gona da iri. Masakin yana nan a tsakar gida cike da ruwa, Mamman ya ce a bar shi ya jiƙa ɗinkin ya kama. Ina leƙawa ƙarƙashinsa lokaci lokaci, har yanzu ƙasa a bushe take. In ka ba ni izini, ina so in sake rubuto maka bayan suna, in gaya maka ko ya riƙe ruwa, da sunan da za a ƙara a takardar. Kai kuma don Allah ka rubuto mana abin da shugabanku ya ce game da aro, Inna na jira, ko da yake ba za ta tambaya ba.

Wassalam. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Asma'u